Kwalbar da Ta Ƙi Karɓa

Da asuba na tashi daga aikin gasa burodi, na tarar da budurwar da nake so tana zagaya filin ƙwallo da sassarfa. Tela ce, a kan keken ɗinki take yini. Likita ya ce sukarin jininta ya kusa zama ciwo, hantarta kuma ta tara kitse.

Ni na jawo mata. Ban iya zance ba, sai dai kullum in ajiye mata kek da lemo a shago in wuce.

Na tare ta, na miƙa mata kwalbar ƙwayoyin ƙarin lafiya da na sayo.

Ta dubi kwalbar, ta dube ni. "Malam, wannan ma haɗiyewa zan yi? Likita ya hana ni shan abin da bai rubuta ba."

"Laifina ne," na ce, kaina a ƙasa.

"Kai ka kawo, ni na ci. Amma na gaji da karɓar leda. In aurena kake so, je ka gaya wa Baba. In ba haka ba, ka daina zuwa."

Na mayar da kwalbar aljihuna. "Yau da yamma zan je."

Ta ci gaba da tafiya, sai dai ta rage sauri har na cim mata.