Rami na Bakwai

Da guduma ta fasa kankaren rami na bakwai a harsashin ginin, wari ne ya fara fitowa ya kori kowa baya. Injiniya ce ta sa a fasa, don ginshiƙin da ke kansa ya tsage, ga ƙudaje kwana uku suna zarya a tsagar. Da aka ɓamɓare gefe ɗaya sai ga takalmin roba, da ƙafa a ciki.

Takalmin Foman ne, shugaban leburori. Kwana goma sha ɗaya ke nan, tun ranar da aka zuba kankaren, ana cewa ya bi wata mata ya tsere. Da aka ciro shi, ƙeyarsa a rotse take.

Ba wanda ya yi hawaye. Mai dukan lebura da rodi ba ya barin masu yi masa kuka. Ya taɓa zubar wa mai gadi haƙora biyu a kan jinkirin buɗe ƙofa. Ya taɓa danne hannun Baba Mai Ƙiyasi, mai lissafin kayan gini, a kan tebur ya karya masa yatsu uku, don tsohon ya ƙi ƙara masa buhun siminti a takarda. Baba ya ɗaure hannun da tsumma, ya koyi danna kwamfuta da hagu.

Amma mugu ma yana da dangi. Ƙannen Foman biyu magina ne a wurin, kuma ba su tsaya jiran 'yan sanda ba. Suka yi kan Mai Injin kwaɓa kankare. Kowa ya ji shi, safiyar da Foman ya ɓace, yana ce masa, "Wallahi sai na binne ka." Baki shi ke yanka wuya.

Babban ya zabga masa shebur a gwiwa, ya zube. Ƙaramin ya taka masa wuya.

"Baro nawa ka zuba a kan yayana, ɗan banza?"

"Sha tara," in ji Mai Injin, jini na zuba daga bakinsa. "Sauran ramukan ashirin-ashirin suka ci. Wannan a sha tara ya cika."

"Kun ji ko? Har ƙirgawa ya yi. Baron da ya rage ai gurbin yayana ne. Da ka ga haka, wa ka tambaya?"

"Wa zan tambaya? Na'ura ba ta nuna ja ba."

"Uwarka ce na'ura?"

Suka ƙara masa. Hancinsa ya fashe, kunnensa ya tsage. Leburori suka kewaye suna kallo, hannu a ƙirji, kamar ba tare suke cin abinci da shi ba. Mutanen yanzu ke nan.

Ga yadda tsarin aikin yake. Tun saura mako a zuba kankare, Baba zai auna kowane rami, ya lissafa siminti da yashi da tsakuwa, ya shigar da ƙiyasinsa a kwamfuta. Kwamfutar ta buga rana da lokaci, ba mai iya gogewa. Ranar zubi, idan ma'aikata sun tafi cin abinci, yakan sauka ramukan shi kaɗai ya duba rodi ya shimfiɗa leda a ƙasa, don ba ya yarda da idon kowa. Bayan zubi, Mai Injin ya tura adadin baro ta waya. In ya yi daidai da ƙiyasi, layin ya yi kore. In ya saɓa, ya yi ja, a zo a yi bincike. Shekara talatin Baba yana wannan sana'a, tun ana yi da fensir, ba a taɓa kama shi da kuskuren baro ɗaya ba. Da wannan yake tinƙaho, ba shi da wani abin.

Ƙannen Foman suka ɗaure Mai Injin a jikin ginshiƙi da wayar ɗaure rodi, har ta nutse a namansa. Ƙaramin ya kinkimo galan ɗin fetur daga wurin janareto ya juye masa a ka.

Injiniya ta shiga tsakani. "Ku ba ni minti biyar. Komai yana cikin kwamfuta."

"Biyar ɗin, ranki ya daɗe," in ji babban, yana kaɗa kwalin ashana. "In kin ƙara ɗaya, ki zo ki sha ɗumi."

Ta ruga ofis. Ta tarar da Baba zaune, ya kimtsa teburinsa tsaf, ya jera mukullai a kai, ya sa hularsa.

"Zauna, 'yata, ki huce," ya ce.

Ba ta zauna ba. Ta buɗe shafin harsashin ginin a kwamfuta. A ranta ta ce, in Mai Injin ya tura ashirin alhali sha tara ya zuba, to ɓoyewa ya yi, ba ta da abin da za ta cece shi da shi. Layi bakwai ne, duk kore. Ta danna na bakwai. Abin da aka zuba: baro goma sha tara. Bai ɓoye ba.

To me ya hana layin yin ja?

A waje Mai Injin yana kiran sunan 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Baba ya miƙe ya gyara rigarsa da hannun hagu.

"Bari in je," ya ce, "kada su ƙona bawan Allah a banza."

Ya fita ya ja mata ƙofa a hankali. Ta matsa da idonta gefe, inda ake rubuta abin da aka tsara tun farko. A layin ƙiyasi, da sunan Baba, mako guda kafin Foman ya ɓace, an rubuta wa rami na bakwai baro goma sha tara.