Sallamar Na'urar Gwanjo

"Gobe zan kira Bature daga Abidjan," in ji Alhaji. Kwana uku ke nan na'urar sadarwar ofishinsa na Zongo ta ƙi kula ta tashar jiragen ruwa, shi ya sa dilolin atamfarsa na can a tsare.

'Yar ƙanwarsa, injiniyar da yake wa kallon yarinya, ta gano matsalar. Na'urar gwanjo ce, tana aika sallama duk daƙiƙa talatin, ta tashar kuwa sai mai yi duk daƙiƙa goma take amsa wa. Ta daidaita su, fitila ta koma koriya.

"Lafiyarta ƙalau, Kawu. Gaisuwar garin nan ce ba a koya mata ba."

Washegari a ƙofar ofis, Alhaji ne ya fara gaishe ta.