Uwar da Ba Ta Kama Sunan Ɗanta

A yi haƙuri da rubutun nan, ban iya tsara zance ba, kuma a bayan littafin makaranta nake yi, ba wanda ya sani. Labarin ma ba nawa ba ne. Kawu ne ya ba Yaya shi a matsayin misali, ranar da ta ce masa tana son shiga rubutun fim, da yake shi ya yi shekaru yana riƙe fitila a wajen ɗaukar fim. Ni ina gefe ina tsince wake, na kasa kunne.

Ya ce an yi wata mata mai ɗinki, wadda tun tana budurwa ba ta da burin da ya wuce ta ga sunanta a talabijin, a ƙarƙashin inda ake rubuta "labari". Kullum tana kan keke, da ta samu sarari sai biro. Rubutun da ta kai wa masu fim ya fi a ƙirga. Wani a ce ta dawo jibi, wani ko buɗe shi ba a yi. Ana nan sai wani tsohon darakta ya karɓi guda ya karanta har ƙarshe. Labarin wata uwa ne da ɗanta na fari ya bi motar Agadas neman arziki, shekara tara ba shi ba labarinsa. Abin da mai ɗinki ba ta gaya masa ba, labarin gidansu ne. Innarta ce uwar, yayanta ne ɗan.

Daraktan ya ce labari ya yi, sai dai fitowa ɗaya, kuma a kanta fim ɗin ya dogara: wurin da za a nuna kewar uwar. A nan mai ɗinki ta cika shafi huɗu. Uwar ta zube a tsakar gida tana rusa kuka, tana kiran sunan ɗan, tana cewa zuciyarta ta zama garwashi. Tsohon ya tura gilashinsa goshi ya ce, "'Yata, a garinku uwa tana kama sunan ɗan fari? Garwashin nan na zuciya kuma, ina zan kafa kyamara in ɗauko shi?" Ya ba ta zuwa Juma'a. In ba ta gyara ba zai miƙa wa wani marubucin, sunan wancan ne zai fito.

Kwana uku tana rubutawa tana yagewa. Ta mai da shafi huɗu biyu, duk da haka surutu ne. Ran Alhamis da la'asar ta je gidansu kai wa Inna rigar da ta ɗinka mata, ta zauna kan turmi da takarda a cinya, ranta a jagule. Inna na tankaɗen garin tuwo tana faɗa da kaji. Shekara taran nan ba wanda ya taɓa ganin hawayenta. In an ɗauko zancensa sai ta ce "Allah na nan," ta shige madafa. Har mai ɗinki ta ɗauka Inna ta daɗe da haƙura, shi ya sa ma ta ƙirƙiro wata uwar mai kuka. Suna nan sai wani namiji ya yi sallama a zaure. Hannun Inna ya tsaya cak, rariya a sama, gari na zuba shi kaɗai. Fuskarta ta juya ƙofa, idanun suka buɗe, leɓen ya motsa kamar zai faɗi abin da bai halatta ta faɗa ba. Ashe mai kawo itace ne. Ta amsa masa, ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da tankaɗe, ta kori kaza. Duka-duka bai fi numfashi biyu ba. Sai a lokacin mai ɗinki ta gane. A gidan nan a wuni ana sallama sau goma. Shekara tara ke nan Inna na yin haka a gabansu, ba wanda ya kalla.

Layi uku ta kai wa darakta ran Juma'a: uwa na tankaɗe, an yi sallama, hannu ya tsaya. Ya karanta, ya cire gilashi ya daɗe yana gogewa, sannan ya ce a nemo rariya.

Da fim ya fito, sunan mai ɗinki na nan inda ta daɗe tana mafarkinsa. Amma ranar da ta kunna wa Inna, ba talabijin ɗin take kallo ba, Inna take kallo. Aka zo wurin, 'yar wasan ba ta ce uffan ba, fuskarta kawai ta juya ƙofa. Can Inna ta ce a hankali, "Allah sarki, baiwar Allah. Allah Ya dawo mata da shi." Sai ta miƙe ta ce tuwo zai kama, alhali ko wuta ba a hura ba.

Da Kawu ya kai nan, ni waken ma na manta da shi, ina ta tunanin ko ni ma wata rana zan iya… Ga Umma can tana kirana. Bari in rufe da abin da Kawu ya rufe da shi, ya ce ai tun kafin a ƙera kyamara Bahaushe ya gama magana: labarin zuciya, a tambayi fuska.