Kujerun Bayan Sharon

Da maganar rabuwa a bakinta Zuwaira ta iso wurin dillalan motoci na hanyar Mai'adua. Tun ranar da gwaggon Sama'ila, mai neman aurenta, ta ce gidansu ba a riƙon agola, ta yanke shawara: ba za ta bar marayunta uku, Nabil da Ikrima da Fadila, saboda aure ba. Shirun da ya yi kuwa, ta ɗauka bakinsu ɗaya da gwaggon.

Ta tarar da shi yana zagaya wata tsohuwar mota Sharon 'yar Kwatano, fentinta duk ya koɗe.

"Malam Sama'ila, wannan akwalar fa?" ta ce a daƙile. "Ko lodin Dutsi za ka fara?"

"Iyakar ƙarfina ke nan, amma bakanike ya ce injinta garau yake." Ya buɗe baya, ya ɗago kujerun ƙarshe. "Nan Nabil da Ikrima, su yi ta faɗansu nesa da kunnenmu. Fadila kuma bayanki, tunda mota na sa ta amai."

Sau ɗaya tak ta taɓa yi masa zancen aman nan, shi ma a cikin hira. Kunya ta lulluɓe ta, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ja bakin hijabi ta rufe fuska.

"Kin ce akwai maganar da ta kawo ki?"

Ta sake duban kujerun bayan.

"Babu komai," ta ce a hankali. "Dama... Fadila ta fi son jikin taga."