Ranar da Zazzaɓi Ya Buɗe Bakin Bello

Har yau warin dafaffen ganyen dogon yaro garinmu Gatawa yake mayar da ni, wani yammaci na damina. Ƙanena Bello na kwance a tabarma, jikinsa kamar garwashi. Tunda aka haife shi bai taɓa kallon idon kowa ba, balle ya kira suna. Mutane na cewa iskoki ne.

Inna ta durƙusa da ƙoƙon magani. Sai ya juyo, ya dube ta ido cikin ido, ya ce, "Inna, zamna nan."

Ta zauna. Ƙoƙon na hannunta har ya huce.

Na ce, "Inna, ba ki ba shi?"

"Za ni ba shi," in ji ta. "Bari in ƙara ganin ɗana kaɗan."

Ta ba shi. Zazzaɓin ya sauka, Bello ya koma shirunsa.

Ga ni yau da furfura a ɗakin bincike, ina bin alaƙar garkuwar jiki da galahanga, larurar da aka haifi Bello da ita, ina neman abin da zazzaɓin nan ya buɗe. Na gaji. Kullum na kira waya sai Inna ta ce, "Kun gano?" In ce, "Da saura, Inna."

Ita kuwa idonta ya riga ya daina gani.