Maharbin da Maƙeri Ya Hana Dalma

Zauna, Jatau, ka sha ruwa tukuna. Tun da ka shigo kake huci a kan gonar fadamar nan da ka nema aka bai wa wani. Bari in ba ka misalin wani maharbi, ka auna da kanka.

Maharbin nan yana da bindigar toka, irin wadda ake ɗurawa ta baki, gadon ubansa. Shi bai san ƙaramin ɗuri ba. Sai ya zuba albarushi cikin tafin hannu har ya yi tozo, ya danna da tsumma, ya jefa curin dalma mai girman goriba ƙarama, ya sake dannawa da sandar ɗuri har ta daina shiga. In ya harbi gwanki da wannan, curin yakan shiga ta wannan haƙarƙari ya fita ta wancan. Wata kaka gero bai yi ba, rumbunsa ya yi ƙasa, iyalinsa suka koma dogaro da abin da ya samo a daji. Ya je wurin maƙerin garin a zuba masa sabuwar dalma. Maƙerin ya karɓi bindigar, ya juya ta a hasken rana, ya bi bututun da farce, sai ya nuna masa wata 'yar tsaga siririya kamar gashi kusa da gindi.

"Ba zan ba ka curi ba," in ji maƙerin. "Ƙarfen nan ya gaji. In ka yi mata ɗurin da ka saba, a fuskarka za ta fashe."

"Haba sarkin maƙera, yara na gida ba abinci. Da me zan kayar da nama?"

Maƙerin ya debo masa 'yan ƙananan harsasai kamar ƙwayar dawa, ya ce ya rage albarushi zuwa rabi, har ranar da zai samu ƙarfen gyara. Maharbin ya roƙa, ya yi fushi, har ya tuna masa abotar iyayensu. Maƙerin ya ci gaba da fifita wutarsa.

Washegari ya shiga daji da ɗurin da ya raina. Da hantsi Allah ya haɗa shi da gwanki namiji, ƙosasshe, yana kiwo a bakin rafi. Ya yi rarrafe, ya saita, ya ja kunama. Gwankin ya zabura kamar ƙudan zuma sun harbe shi, ya girgiza jiki, ya tsallake rafin ya tafi. Naman da zai ciyar da gida mako guda kenan. Maharbin ya zauna a ƙasa yana ambaton maƙerin da abin da ba zan maimaita maka ba. Ya sake ɗuri, ya ci gaba da yawo da yunwa har rana ta karkata.

Wajen la'asar, a wata fadama da gamba ta kusa kai tsayin mutum, ya hango ƙahon barewa da jan bayanta suna tafe a saman ciyawa. Bai tsaya tunanin yadda barewa za ta yi wannan tsawo ba, don yunwa da haushi sun rufe masa ido. Ya ɗaga ya harba. Sai ya ji salati da muryar mutum.

Ya jefar da bindigar ya kutsa cikin gamba. Ashe maƙwabcinsa ne, shi ma maharbi, mai 'ya'ya ƙanana, wanda katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. Ya kama barewar a tarko, ya yanka ta, ya saɓo ta a wuya zai kai gida. Yana zaune a ƙasa dafe da kafaɗa, jini na bin yatsunsa. Suka sauke barewar suka duba. Yawancin harsasan sun maƙale a fatarta da namanta, daidai inda ta rufe masa wuya, kaɗan ne suka wuce suka shiga kafaɗarsa, ba zurfi. Maharbin ya ciro su da tsinin wuƙa yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana neman gafara.

Maƙwabcin ya kalli ƙwayoyin a tafin hannunsa ya ce, "Ina curinka na kullum?"

"Maƙeri ya hana ni."

"To Allah ya yi wa maƙeri albarka. Da yanzu gawa biyu za ka ɗauka."

Suka dawo gari tare, maharbin ne ɗauke da barewar. Maƙwabcin ya yafe masa tun a hanya, ya kuma raba naman, ya ba shi kaso ya kai wa iyalinsa. Maharbin bai ko shiga gida ba. Ya ɗauki cinya guda daga kasonsa ya nufi maƙera, ya durƙusa gaban mutumin da ya yini yana zagi, ya ba shi labari duka, har da zagin. Maƙerin ya ajiye guduma. Ya ce shi bai san da wani mutum a cikin gamba ba, fuskar maharbin kawai ya ji wa tsoro, don haka a kai godiyar inda ta dace.

Ka ga, Jatau, da safe mutumin nan ya rasa gwanki, kuma ya rantse an cuce shi. Da yamma ba abin da yake gode wa Allah a kai kamar wannan ɗurin mara ƙarfi. Ban ce maka na san abin da ke cikin gonar da ta kuɓuce maka ba, ni ma ban sani ba. Amma kafin ka ɓata da mutane a kanta, ka tuna abin da magabata suka ce: wani hani ga Allah baiwa ne.