Tsuntsayen Apa

Tsuntsu na bakwai ya faɗi ran Talata. Ilgiz ya tsince shi a gindin bishiyar tuffa, bayan tafkin da ya daskare, ƙafafu sama, ƙirjinsa rawaya kamar an ɗiga man shanu a kan dusar ƙanƙara. A tafin hannu sai ka ce ba ka riƙe komai ba.

Shekara goma sha ɗaya mahaifiyarsa Burul tana ciyar da tsuntsayen lambun garin nan. Da sanyi ya sauko daga duwatsu, sai ta riƙa zuwa wurin mahauci sayen ɗanyen kitsen wutsiyar rago, alhali ga naman yankan hunturu rataye a ɗakin ajiya. Ilgiz kan yi mata tsiya: "Apa, ga shi a gida, sai kin sha hanya?" Ita dai dariya take yi.

Ta rasu mako biyu bayan yankan bana. Maganarta ta ƙarshe ba a kansa ba ce. "Kar ka bar mini 'ya'yana da yunwa."

Bai bar su ba. Kullum kafin ya wuce gareji, yakan shiga ɗakin ajiya ya yanko kitse mafi kyau, daga wanda ta gyara da hannunta, ya ɗaura shi a reshe da jan zare. Yatsunsa da sanyi ya tsattsage sai su yi ta raɗaɗi har ƙwalla ta zo. Sai ya ce wa kansa kewa ce.

Amma da yamma ba ya samun komai sai guntun zare, an yanke shi da wuƙa. A ƙasa kuma gawa.

"Inna Janil, wa ke zagawa bayan tafki?" ya tambayi mai gyaɗar bakin ƙofar lambun.

"Kai, saki fuskar nan, kana korar mini mutane. Wa kuwa in ba Sagin mai shara ba? Jiya ma na gan shi yana cusa abu a aljihu, yana ta zage-zage shi kaɗai."

Sagin. Tsohon da ke mitar kashin tsuntsu a kan kujeru. Tsohon da ke ajiye maganin ɓera a bukkarsa. Tsohon da ya zo sadakar arba'in, ya ci, ya sha shayi kofi huɗu, ya shafa addu'a da hannayen nan.

Ran Laraba Ilgiz bai je aiki ba. Ya ɗaura kitsen, ya koma bayan wata bishiya ya tsaya, ƙarfen kwance taya a cikin hannun riga. Yara na zamiya a kan tafki suna ihu. Wata mata na jan ɗanta a kan katako, an naɗe shi kamar ƙunshin burodi. Tsuntsayen suka sauko bibbiyu, suka rataya kai ƙasa suna tsattsaga. Kukansu siriri, irin ƙarar cokalin Apa a bakin kofi.

Wajen ƙarfe goma sai ga tsohon, yana jan shebur. Ya kori tsuntsayen da hula. Ya zaro wuƙa, ya yanke zaren, ya kai kitsen bakinsa, ya tofar. Sannan ya cusa shi a aljihu.

Ilgiz ya fito. Ƙanƙara na ƙara a ƙarƙashin takalmansa. Ƙarfen ya sulalo cikin tafinsa, sanyinsa har cikin ƙashi. Taku goma. Taku biyar. Yana ganin ƙeyar tsohon, da jijiyar da ke harbawa a wuyansa.

Sagin ya waiwayo. Babu tsoro a fuskarsa, fushi ne, wanda ya fi na Ilgiz tsufa.

"Ɗan Burul! Gara da Allah ya kawo ka. Kai da sauran ƙarfinka, ni ƙafa ta mutu, kullum sai ya riga ni zuwa." Ya fiddo kitsen, jan zaren na lilo, ya tura shi gaban hancin Ilgiz. "Taya ni mu kama la'anannen da ke kashe tsuntsayen uwarka. Wane marar imani ne zai rataya wa ɗan tsuntsu kitse mai gishiri?"